Masu Zanen Rufi A Birnin Fas

'Yan'uwanmu masu zuwa Fas ta ƙasar Maroko, galibi da sun ziyarci zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani sai kasuwa. Ina ma su ratsa makarantar Aɗɗarin, wadda Sarki Abu Sa'id Usman ya gina tsakanin 1323 da 1325, su ɗaga kai. Ƙasan bango yankakken tangaram ne, sama kuwa sassaƙaƙƙen katakon arzu.

Irin wannan katako ake yi wa zanen launi da suke kira zuwaƙ, a rufin zawiyoyi da tsofaffin gidaje. Almajiri yana farawa da niƙa launi, sa'an nan ya koyi fitar da zane da hudajjiyar takarda da garin gawayi. Gyaran tsohon rufi ya fi sabon zane wuya, domin fentin kanti shafe aikin magabata yake yi. Gwanin wannan sana'a Mu'allim ake ce masa, wato Malam, kuma a ganina ya cancanci sunan.

Tun 1981 UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya, amma gyara sai da hannu. A 2012 aka buɗe makarantar koyon waɗannan sana'o'i a jikin Masallacin Hasan na Biyu, a Kasabalanka.