Me Ya Haɗa Mu da Girka da Rum?

Duk lokacin da ɗalibinmu ya zaɓi nazarin tsohuwar Girka da Rum, sai mu ji ana tambayarsa, "Wannan wane abinci zai ba ka?" Mu malaman adabi tambayar tana damunmu, domin kuwa dangantakarmu da waɗannan al'ummu tana bakinmu kullum. Alƙalamin da muke rubutu da shi, sunansa daga Girkanci ya taso, ya biyo ta Larabci. Zinarin da muke taƙama da shi kuwa jikan dinarin Rumawa ne. Tun 1948 ake koyar da fannin a Ibadan, amma mu Hausawa har yau kallon baƙo muke yi masa. In muka bar wa wasu, su za su riƙa ba mu tarihin kalmominmu.