Daga Bawku Zuwa Kano a Kwana Biyu: Abin da Na Gani a Jirgin Ankara Zuwa Legas

Ranar wata Litinin da hantsi ina kasuwar Bawku ana ɗinke mini buhunan albasa, sai waya ta shigo daga Kano. Ɗan yayana ne. Ya ce, "Baffa, in za ka zo ka zo yanzu. Jikin Baba ya yi tsanani, kuma kai yake ta nema."

A Salaga aka haife mu ni da Yaya. Shi ya koma Kano tun muna samari, ni kuma na zauna a Yendi ina fataucin albasa da doya da man kaɗe. Na haura hamsin ban taɓa shiga jirgin sama ba. Duk zuwan da nake yi Kano ta mota ne, ta Togo da Benin, in an yi sa'a kwana uku, in mota ta lalace ko iyaka ta yi tsauri har biyar. Wannan karon babban ɗana ya ce, "Baba, hanya ba za ta yi ba, bari in saya maka tikiti." Na yi lissafi, kuɗin ya kusa cinye ribar kakar albasa gaba ɗaya. Na ce ya saya.

Fasfo ɗina yana gida, don haka na damƙa wa yarona kayan na kama hanya tun rana ba ta yi nisa ba, domin duk mai zuwa Bawku a shekarun nan ya san ba a wasa da dokar hana fita. Muka bi ta Garu da Nakpanduri da Gushegu, na isa Yendi cikin dare. Da asubar Talata na nufi Tamale. Filin jirgin Tamale da ma ba baƙo ba ne a wurinmu, tun 2016 alhazanmu na arewa suke tashi daga can, sai dai ni rakiya kawai nake yi. Daga Tamale zuwa Ankara, wato Accra, tafiyar da mota ke kwana tana yi, cikin awa ɗaya muka sauka.

A Ankara sai an fita daga ɓangaren jiragen cikin gida an shiga sabon ginin da aka buɗe a 2018, inda jiragen ƙetare ke tashi. Ɗan ƙasashen ECOWAS ba ya bukatar biza zuwa Najeriya, amma a riƙe fasfo da katin rigakafin shawara mai launin rawaya. Tikitina kilo 23 ya ba ni, aka auna jakata ta wuce da kaɗan, sai da na rage man kaɗen da na ɗauko wa matar Yaya. A wurin bincike kuma aka karɓe 'yar wuƙar da nake fasa goro da ita, laifina ne da ban sa ta cikin babbar jaka ba.

Awa biyar ce tsakanina da jirgin Legas. Ashe ɗana ya biya mini kuɗin shiga ɗakin hutu na musamman, irin wanda manya ke zama kafin a kira jirgi. Gaskiya wurin ya yi kyau. Kujeru masu taushi, sanyi, banɗaki tsaf, wurin sa waya a caji, ga intanet ba sai ka sayi kati ba. Abinci kuwa kai za ka zuba da hannunka: dafa-dukar shinkafa, soyayyar ayaba, burodi, shayi. Akwai giya a gefe guda, sai mutum ya lura da abin da yake ɗauka, kuma na tambayi yadda aka yanka naman kafin in ci. Na yi alwala, na tambayi inda ake salla aka nuna mini. Na kira Kano har sau uku, aka kara wa Yaya waya a kunne na ce, "Yaya, ina hanya, ka yi haƙuri."

Ina zaune sai kakanmu ya faɗo mini a rai. Bafatake ne, da ayari ya zo Gwanja sayen goro, a zamanin da ake tasowa daga Kano da jakuna a bi ta Borgu da Sansanin Mango da Yendi kafin a shiga Salaga, tafiyar watanni. Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka bazu Krachi da Yeji da Kintampo. Daga baya irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano. A kowane zango bafatake yana da fatoma, mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya gaya masa farashi da wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. A ɗakin hutun nan na yi sallama sau biyu babu wanda ya ɗaga kai, kowa na kan wayarsa.

Da lokaci ya matso na fita zuwa ƙofar shiga jirgi, a nan na ji Hausa. Wasu mata uku ne 'yan Nima za su Legas sarin atamfa. Na gaishe su, babbar ta ce, "Malam, ina za ka kwana a Legas?" Na ce ban sani ba, jirgin Kano sai da safe. Nan take ta kira wani ɗan'uwanta a Agege. Shi ya zo ya ɗauke ni, ya kwantar da ni a shagonsa, ya kai ni filin jiragen cikin gida da asuba, ya ƙi karɓar ko kwabo.

Shi kansa jirgin Ankara zuwa Legas bai cika awa ɗaya a sama ba. Da ya ɗaga cikina ya juya, kunnena ya toshe, na yi ta salati. Ta taga na ga bakin teku, na ce a raina yanzu muna wuce Aflao da Hilakonji da Seme, iyakoki ukun da ake sauke fasinja a bincike kaya. Aka ba mu ruwa da ɗan biskit, ban gama ci ba aka ce mu ɗaura bel. A kula, agogon Najeriya yana gaba da na Ghana da awa ɗaya, saura kaɗan wannan ya ruɗa ni da safe.

Na shiga gidan Yaya ranar Laraba kafin azahar, na same shi yana magana. Ya sa kowa ya fita, ya ce, "Akwai wani mutum a Salaga da yake bina kuɗin man kaɗe, babu takarda, ni da shi da Allah kaɗai muka sani." Ya faɗi sunansa da adadin kuɗin. Ranar Alhamis baki ya rufe, daren Juma'a Allah ya karɓi abinsa. Da ta mota na bi, da ban ji wannan magana ba. Bayan sadakar bakwai na komo, na je Salaga na biya mutumin daga cikin abin da Yaya ya bari.

'Yan'uwa fatake, ga shawarata. Jirgi ba na kaya ba ne, kilo 23 ba ya fitar da riba, amma kowane gida ya ajiye fasfo mai rai da katin rigakafi da ɗan kuɗin da ba a taɓawa saboda irin wannan rana. Ɗakin hutu ya dace da tsoho, ko mara lafiya, ko wanda zai jira awa huɗu zuwa sama. In jiran gajere ne ka riƙe kuɗinka ka zauna a ƙofar jirgi, ka yi sallama ga duk wanda ka ji yana Hausa. Allah ya jiƙan Yaya da iyayenmu, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.