Orrest Head, ƙaramin tudun da ya sauya rayuwar wani akawu

A arewa maso yammacin Ingila akwai wani yanki na duwatsu da ruwa da ake kira Ƙasar Tabkuna. A nan ne dutse mafi tsawo a Ingila yake, Scafell Pike, mai mita 978. Amma baƙon da bai saba hawa ba, ba da shi ya kamata ya fara ba. Wanda ya dace da shi shi ne Orrest Head, tudu mai mita 238 kacal, da ke bisa garin Windermere.

Hanyar ba ta da wuyar ganewa. In mutum ya fito daga tashar jirgin ƙasa, wadda aka buɗe a shekara ta 1847, sai ya ƙetare babban titi, zai ga allon da ke nuna mafarin hawa. Daga nan hanya tana karkaɗawa cikin kurmin Elleray, a ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa. Cikin minti 20 zuwa 30, ko dattijo mai tafiya sannu ya kai bisa.

Itatuwan kan ɓoye komai har kusan ƙarshe. Sai kawai sarari ya buɗe, a ga tabkin Windermere, mafi girma a Ingila, kwance tsawon kimanin kilomita 17, da ƴan tsibirai a tsakiyarsa. Ga tumaki cikin makiyaya da aka kewaye da katangun dutse, ga manyan duwatsu jere can nesa.

A shekara ta 1930 wani saurayi ɗan shekara 23, Alfred Wainwright, ya tsaya a wannan wuri. Akawu ne a baitulmalin ma'aikatar magajin garin Blackburn, garin masaƙu da hayaƙi. Abin da ya gani ran nan bai bar zuciyarsa ba. A 1941 ya nemi aiki a Kendal don ya kusanci duwatsun, daga baya ya zama ma'ajin garin. Bai bar aikin ofis ba. Ranakun hutu yana hawa, da dare yana rubutu. Tsakanin 1955 da 1966 ya fitar da littattafai 7 a kan duwatsu 214, dukkansu da rubutun hannunsa da zanensa. Ya rasu a 1991, amma har yau matafiya na riƙe da su.

Sai dai a kiyaye, ruwan sama a yankin ba ya sallama. Rana na iya fitowa da safe, kafin azahar hazo ya rufe tabkin. A ɗauki rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da harka ta kai shi Ingila, ya ware wa wannan tudu sa'a guda. Ba ya buƙatar ja-gora, ba a kuma biyan ko sisi a bakin hanya.