Abokina mai ƙadangaru

An ce in rubuta wani abu na wannan mako, na zauna da niyyar yin magana a kan haƙuri, sai zuciyata ta ƙi, ta koma kan wani abokina da ya riga mu zuwa wurin Ubangiji. Ba zan faɗi sunansa ba saboda iyayensa, amma waɗanda suka yi Makarantar Lahadi tare da mu sun san shi. Mu dai Sarkin Ƙadangaru muke ce masa.

Iyayenmu duka aikin gwamnati ne ya kawo su Dutse, bayan an cire Jihar Jigawa daga Kano a 1991. Gidajenmu katanga ɗaya ta raba, bayanmu kuma duwatsu ne da itatuwan dabino. Shi yana da ciwon sikila, don haka ba ya iya ƙwallo. Idan yara suka tafi fili, sai ya hau wani falalen dutse ya zauna, ni kuma in bi shi, don ni ma ƙafata ba ta san ƙwallo ba.

A wurinsa na koyi kallo. Shi ya nuna mini cewa jan gwada namiji ne, kuma gyaɗa kan da yake yi gargaɗi ne ga sauran maza su bar masa wurinsa. Ya nuna mini kulɓa da sabuwar jela bayan ta yar da tsohuwar don ta tsira. Ya ce tsaka ba ta sa kuturta kamar yadda ake tsorata mu, ƙwari take ci mana a bango. Damo kuwa, da ake wa kirari da sarkin haƙuri, ya ce yakan shige rami da rani ya yi watanni bai ci komai ba har ruwa ya sauka. Amma ba wawa ba ne. Idan muka ga kububuwa ko kasa, shi ne farkon mai ja da baya, ya ce wannan kallo ake yi daga nesa.

Lokacin hunturu, da safe, ƙadangaru sukan fito su baje a kan dutse sai rana ta ɗumama su kafin su iya gudu. Shi ma sanyi ne ke tayar masa da ciwo. Wata rana yana kwance kusa da su cikin rigar sanyi biyu ya ce mini, "Ka ga danginmu. Mu sai da rana muke motsi."

Muna da shekara 13 ya shigo Makarantar Lahadi da hawainiya a cikin gwangwanin madara, don ya same ta a tsakiyar hanya yana tsoron kada mota ta taka ta. Ta fito ana cikin addu'a. Aka yi ihu, aka watse. Kafin Lahadi ta zagayo magana ta zama wata: yaron nan ba haka kawai ba, ku duba idonsa, ku duba yawan ciwonsa. Wata dattijuwa ta tsare ni a bakin majami'a ta ce, "Ɗana, kai ne kullum tare da shi, faɗa mini gaskiya." Na ce, "Mama, ni ma tsoronsa nake ji. Yana magana da su."

Ƙarya na yi. Abin da nake tsoro kada a haɗa da ni. Daga ranar na canja benci, idan ya leƙo ta katanga in ce aike za a yi mini. Bai taɓa tambayata dalili ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ya rasu yana da shekara 16, ina makarantar kwana. Da labari ya bazu, tambayar farko da mutane suka yi ita ce, "Maciji ne?" Ba maciji ba ne. Ciwon da aka haife shi da shi ne. A nan zan ɗan ratse: matasa masu shirin aure, idan fasto ya ce ku kawo gwajin jini, kada ku ɗauka takura ce. Na ga yadda yaro yake birgima da ciwon ƙashi.

Na daɗe ina jin kishin Bitrus. Shi ma ya yi musun sanin abokinsa a gaban mutane, amma ya sami safiyar nan a bakin teku, a Yohanna 21, aka ba shi dama ya gyara bakinsa. Ni ban samu ba. Na roƙi gafarar Ubangiji, na kuma gaskata ya gafarta, amma akwai kalmar da ta kamata kunnen abokina ya ji, kuma ba zai ji ta a wannan duniya ba.

Bara na yi ƙarfin hali na je wurin mahaifiyarsa na faɗa mata duka. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗana, ai ya sani tun ranar." Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon littafin rubutu. Zane ne cike, kowanne da aya a ƙasansa: Farawa 1:24-25, inda Allah ya yi masu rarrafe ya kuma ga suna da kyau, Zabura 148:10, inda aka kira su su yi yabo tare da kowa, Karin Magana 30:28, ƙadangaren da hannu yake kamawa amma ga shi a fadar sarki. Yaron da muka ce yana da aljanu, Littafi Mai Tsarki yake bi shafi shafi yana neman inda Allah ya ambaci abin da yake ƙauna. A shafukan ƙarshe, waɗanda ya yi bayan na guje shi, akwai zanen kunkuru, a gefe ya rubuta sunana da kalma uku: "sai ya gani."

Makon jiya ina kan babur a hanyar Kiyawa na hangi hawainiya tana tsallaka titi da tafiyarta ta gaba da baya. Na tsaya, na sami kara na ɗora ta, na kai ta gindin wani darbejiya. Wani mai rake ya ce, "Malam, ba ka tsoro?" Na ce masa wani abokina ne ya koya mini, sai na faɗi sunansa da ƙarfi.