Ƙaramin Ƙarfe Mai Tsai da Babbar Mota

Masu iya magana sun ce, don rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Ban ga inda maganan nan ta fi dacewa ba kamar wajen ta da tsohuwar mota.

Tawa Peugeot 404 ce, irin wadda aka soma ƙerawa a Faransa cikin 1960, aka daina cikin 1975. Manyan kayanta ba su ba ni wuya ba, gama ana samunsu jikin matattun 'yan'uwanta a kasuwar Panteka ta Kaduna. Abin da ya tsai da ni wata da watanni shi ne ƙanana, waɗanda goma ba su cika tafin hannu ba, watau noti da wasa da 'yan robobi.

Ga abin da na koya. Da fari, kada ka yar da tsohon abu ko ya karye, domin shi ne ma'auninka. Takardar da ke hana ruwa yoyo a bakin famfon injin, na ɗora kwali mai ƙwari a wurin, na bubbuga gefensa da ƙaramar guduma har siffar ta fito, sa'an nan na yanke. Robobin da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe kuwa, daga tsohuwar robar cikin taya na fid da su. Amma robar nan ba ta shiri da fetur, kumbura take yi, saboda haka kada ta kusanci hanyar mai.

Noti ma yana da asali. Na Faransa da milimita ake aunawa, na tsofaffin motocin Ingila da inci. In ka tilasta wani bisa wani, zaren ya cinye, ka jawo wa kanka aiki biyu. In an rasa, sai a kai samfuri wurin mai injin yankan ƙarfe, ya yanko sabo daidai wa daida.

Amma fa akwai wurin da ban yarda da uwar ɗaki ba, shi ne burki da sitiyari. Man burki yana lalata robar da ba tasa ba, ranar da ta saki kuwa ba ta sallama. Na jira wata uku kafin in sami ta ainihi, motar tana kan duwatsu, abokai suna yi mini dariya.

To, ya kai mai karatu, yi dabara inda kuskure zai ci kuɗinka kaɗai. Inda zai ci rai, naka ko na mai tafiya a gefen hanya, sai haƙuri.