Wasiƙa Zuwa Ga Lawal Kan Batun Tumbi

Aminina Lawal,

Ya sanyin Zariya? Nan Kaduna ma hunturu ya kankama, hazo sai rana ta ɗaga yake sakin gari.

Saƙonka ya iso, na kuma ji kukanka. Kullum bayan asuba kana fita sassarfa har zufa ta jiƙa riga, amma sikeli ya ƙi motsi, tumbi yana nan daram, har ka fara cewa za ka haƙura. Don Allah kada ka bari.

Gajiyar da mutum ke ji ita ke sa ya ɗauka ya ƙona abu mai yawa. Mai nauyin kilo 70 idan ya yi tafiyar sauri ta minti 30, kalori kusan 150 ya ƙona. Ƙaramar kwalbar Coca-Cola kusan hakan ke cikinta. Kilo ɗaya na kitse kuwa kalori wajen 7,700 ne. To, ni na san hanyarka. Daga sassarfa sai teburin mai shayi, a haɗa maka mai kauri, madara ta ji, sukari cokali uku, ga rabin burodi an tsaga an cusa masa wainar ƙwai. Kafin ƙarfe takwas ka mayar da abin da ka zubar a hanya har da riba. Nan matsalar take, ba a ƙafafunka ba. Ka sha shayinka, amma a rage sukarin. Ka roƙi uwargidanka Maman Abba ta rage girman malmalar tuwon dare, ta yawaita miyar ganye da wake da zogale, lemon kwalba kuma a bar wa baƙi.

Shi ma sikelin ba ya faɗin komai da komai. Akwai kitsen da ke can ciki, wanda ke lulluɓe hanji ya taru a hanta, shi ne mai alaƙa da ciwon suga da hawan jini, kuma motsa jiki yana rage shi ko da nauyi bai sauka sosai ba. Ka ari tef ɗin tela ka riƙa auna ƙugunka daidai cibiya sau ɗaya a wata. Abin da ake so kada ya kai rabin tsayinka: mai santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85.

Wani abu da ke damuna a filin Murtala Square na nan Kaduna shi ne masu naɗe ciki da leda ko ɗamarar roba don zufa ta zubo. Ruwa ne kawai ke fita, da sun sha ya dawo, kuma lokacin zafi hakan na iya kayar da mutum. Haka atisayen ciki, yana ƙarfafa naman wurin, amma jiki ba ya zaɓen inda zai cire kitse don an matsa masa a nan.

Ba dole ba ne ka yi gudu kullum, musamman da ka ce gwiwa ta fara ƙorafi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato saurin da za ka iya hira amma numfashi ba zai bar ka ka rera waƙa ba, sai kwana biyu na ƙarfafa tsokoki. Tafiyar sauri ta wadatar. Ka samu takalmi mai laushin ƙasa, ka ajiye silifas ɗin nan.

Ka je a gwada maka jini tukuna, tunda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi fama da hawan jini. Idan ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri ya ɗebe ka, ka tsaya nan take ka ga likita.

Ka auna ƙugun yau, ka turo mini adadin, mu sake dubawa bayan wata biyu. A gaishe da Maman Abba da yara.

Naka har kullum,
Sani