Tsohon Filet a Takardar Siminti

Warin ne ke fara isowa. Kafin direba ya ce uffan, duk wanda ya taɓa wuni a tashar Dandume ranar kasuwa ya san ƙaurin kulocin da ya ci wuta, kamar an jefa tsohon takalmin roba a murhu. Akori-kura ta ɗauko masara fiye da ƙarfinta, direba yana taka totur, inji yana ihu, mota kuwa tana tafiyar hawainiya. 'Yan kamasho ba sa ko ɗaga kai. Sai dai ka ji wani ya ce, “Wannan kam gobe tana gareji.”

Kawuna yana da irin wannan mota, Fijo 504 mai buɗaɗɗen baya, kuma duk hutun makaranta ni ne yaron motarsa. A wancan zamani idan aka ce mota a ƙasar Funtua, to Fijo ake nufi, sai fa in an ce babbar mota. Kamfanin Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, shekarun da shirin bunƙasa noma na Funtua, wanda Bankin Duniya ya sa wa hannu, ya shigo da takin zamani da hanyoyin karkara. Masara ta samu, auduga na nan, sai aka rasa abin kwasowa daga ƙauye. Fijo ta cike gurbin: 404 da farko, daga baya 504. Gwamnati ita take hawa, ɗan kasuwa ita, mai kai amarya ita. Da yake mota iri ɗaya ce ta cika ƙasa, ciwonta ma kowa ya san shi.

Bakaniken kawu yana ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya, ba shi da na'ura ko ɗaya in ban da jak da akwatin sifana. Ba ya taɓa mota sai ya gama yi wa direba tambayoyi, kamar alƙali.

“Alhaji, giyar ce ba ta shiga, ko tana shiga motar ce ba ta ja?”

“Tana shiga, Oga. A hawa ne take ragwanta.”

Sai ya shiga ya ja birkin hannu, ya sa giya ta huɗu, ya ɗan ba ta wuta, ya saki kuloci a hankali. Idan inji ya mutu nan take, kuloci na da rai, a nemi laifin a wani wuri. Idan kuwa inji ya ci gaba da kuka mota tana tsaye, to filet ya cinye, yana zamewa a jikin filawil maimakon ya kama shi. Gwajin bai fi minti guda ba. Sauran kuma aikin kunne ne. Ƙarar da ke tasowa sai an taka kuloci, berin ne mai tura faranti. Wadda ake ji mota tana firi, ta ɗauke da zarar an taka, wannan daga cikin giyabos take, kada a ɗora wa kuloci laifin da ba nasa ba. Idan mota tana kakkarwa lokacin tashi kamar mai masassara, sai ya leƙa ƙasa ya shafo ƙasan kaskon kuloci da yatsa. In ya ga baƙin mai, ya san inji ne ke yoyo ta baya yana jiƙa filet, kuma ko sabo aka sa, in ba a toshe yoyon ba, an yi ba a yi ba.

Abin da ya fi ba direbobi wahala shi ne kulocin sama da na ƙasa. Kulocin 504 da mai yake aiki, irin man birki: ka taka, na sama ya tura mai ta siririn bututu, na ƙasa ya tura cokalin da ke sakin filet. Robobin ciki in suka gaji, sai feda ya nutse ya kwanta a ƙasa, giya ta ƙi shiga, musamman ta baya, ta dinga gurnani. Wannan gyaran araha ne, robobi kawai za a canza, amma sai an fitar da iska, kuma nan ne aikina yake. Ni a kujerar direba, ƙafata da ƙyar take kaiwa, shi kuma yana kwance a ƙasa a kan buhu.

“Taka! Taka! Riƙe!”

“Na riƙe.”

“Kada ka saki sai na ce, ɗan nan. Saki!”

Ranar da na saki kafin ya ɗaure noti, iska ta koma ciki, aiki ya dawo ɗanye. Ban manta ranƙwashin ba.

A daji kuwa, inda babu man birki, direbobi sukan dama omo da ruwa su zuba, ya kai su gida, daga baya tsatsa ta ci bututun. Wanda ya yi gangancin zuba man inji, shi kam ya gama da robobin, don kumbura suke yi. Gwanaye ba sa ma tsayawa: su kashe mota, su sa giya ta ɗaya, su murza makulli ta zabura, sannan su riƙa canza giya da kunne, suna jiran ƙarar inji ta daidaita. Na ga kawu ya kawo mu Funtua a haka da lodin barkono, bakinsa yana ta salati a kowace mararraba.

Idan aka sauke giyabos aka zaro filet, sai a miƙa shi hannu zuwa hannu, a karanta halin direba a jikinsa. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi ya ƙone, mai shi yana ɗora ƙafa a kan feda yana tafiya, ko yana riƙe mota da kuloci a hawa. Wanda sifirin ɗin tsakiyarsa suka saki, mai shi fizgar mota yake yi. Na sha ganin an sallami direba a gindin bishiyar nan ba tare da maigida ya ɗaga murya ba. Idan kuma ƙarfen yana da sauran lafiya, akwai masu cire tsohuwar fatar su buga sabuwa da ƙusoshin tagulla. Ƙurar da ke fitowa da baki ake hure ta. Sai da muka girma muka ji cewa fatar wancan lokaci akwai asbestos a cikinta, mai lalata huhu.

Gano ciwo bai taɓa zama matsala ba. Samun kayan da ya dace, nan gizo ke saƙar. Sunan mota ba ya wadatarwa, domin 404 injinta 1618 ne, 504 kuwa akwai mai 1796, akwai mai 1971, kuma faɗin filet ɗinsu ba lallai ya zo ɗaya ba, haka haƙoran da ke tsakiya inda sandar giyabos ke shiga. Ga shi motar da ta shekara goma a hanyar Sabuwa ba wanda zai rantse da injin da aka haife ta da shi take yawo. An sauya inji, an sauya giyabos, wani sa'in daga motar da ta tsallako Sahara ta Agadas aka sayar a Maraɗi. Takardun mota suna faɗin abu ɗaya, cikinta yana faɗin wani. Saboda haka doka ɗaya ce: ka tafi da tsohon. A naɗe shi a takardar siminti, a ɗaure da tsumma, ka rungume shi a cinya har Funtua. In babu, Zariya. In babu, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. A kan kantar mai shago, wanda galibi Ibo ne da Hausarsa ta fi ta wasunmu, za ka kifa tsoho a kan sabo, ka duba baki ya yi daidai da baki, ka ƙirga haƙora da farce. Masu wayo har tsohuwar sandar giyabos suke ɗauka su zura su gani.

A farkon shekarun 1980 iyakar fargabar ke nan, kada ka sayo wanda ba girmansa ba. Kwalin da aka rubuta Ferodo ko Valeo, abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta. (Kamfani ɗaya ne a Faransa, a 1980 ya koma Valeo, amma tsofaffin direbobi sun daɗe ba su yarda ba.) Sai 1986 ta zo, gwamnatin Babangida ta kawo SAP, naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen huɗu. Gangariya ya yi tsada, kasuwa ta cika da ɗan Taiwan da jabun da aka sa wa rigar orijina. Mai shago ya fara tambaya, “Wanne kake so, na ɗaya ko na biyu?” Kuma ba kullum na ɗayan ke zama na ɗaya ba.

Mu ma mun sha. Kawu ya aike ni wani gari, na dawo da filet a kwali mai sheƙi, girma daidai, haƙora daidai, ina ta jin kaina. Bakanike ya auna shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya yi shiru, sannan ya ce, “Alhaji, bai yi mini nauyi ba.” Kawu ya ce a sa, kuɗi sun riga sun fita. Mako uku bai cika ba sifirin ɗaya ya ɓalle ya maƙale a ciki, da buhunan masara a baya, magariba ta kawo jiki. Nan muka kwana a gefen hanya, mutanen wani ƙauye suka kawo mana tuwon dawa da tabarma. A yau ba wanda zai kwana a wannan hanya don gadin mota.

Tun daga ranar kawu ya koma wa ɗan Baljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai. Hujjarsa ita ce, tsohon na gaskiya ya fi sabon ƙarya, kuma ko kaɗan ban ga laifinsa ba, duk da shi ma caca ne.

Faransa ta daina yin 504 ta zama tun 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har 2006. A Faransa yanzu kayan tarihi ce, tana gidan ajiyar Peugeot a Sochaux, masu sha'awa suna goge ta su fito da ita ranar hutu, suna neman kayanta da lamba a kwamfuta. A nan ba ta samu wannan hutun ba. Golf da Sharon da ƙananan motocin Japan sun karɓe tasha, 'yan ragowar Fijon suna jigilar itace da buhuna har ƙarfinsu ya ƙare. Yaran gareji na yanzu sukan ɗauki hoton filet da waya su tura Kano, a sa sabo a mota ya iso washegari.

Bara na bi ta garejin. Bishiyar tana nan, bakaniken ya rasu, ɗansa ne a wurin, yana fama da wata 504 da ba a gane asalin fentinta. Filet ɗin da aka aiko masa ta hoto ya zo, ya ƙi shiga sanda. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya yi tsaki. Sannan ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce ya nemo takardar siminti.